Me Ya Sa Jijiyoyin Jinin Mahaifina Suka Yi Tauri?

Tambaya: Likita, mahaifina yana da shekara 68, awon hawan jininsa ya nuna 165 a sama, 70 a ƙasa. An ce mana jijiyoyinsa ne suka yi tauri, an kuma rubuta masa gwajin CRP. Shin tsufa ne kawai, ko da abin da ya kamata mu yi? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Malama, Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Abin da ya fi jan hankalina shi ne tazarar 95 da ke tsakanin lambobin biyu, domin idan ta haura 60 a jikin dattijo, galibi alama ce ta taurin manyan jijiyoyi.

Bangon babbar jijiyar da ke fita daga zuciya yana da zare iri biyu: elastin, mai miƙewa kamar roba, da kolajin, mai ƙarfi kamar igiya. Jiki yana saƙa mafi yawan elastin ɗinsa ne tun daga ciki zuwa ƙuruciya, ba ya kuma sabunta shi sosai, alhali zuciya tana buga shi kusan sau 100,000 kowace rana. Da shekaru suka tura, zaren elastin yakan tsattsage, kolajin ya ƙaru, sukarin jini ya manne zarurrukansa da juna, sinadarin kalsiyam kuma ya kwanta a bangon. Ki tuna tiyon ban ruwa da ya shekara a rana: da can idan an saki ruwa yakan ɗan kumbura ya rage ƙarfinsa, yanzu kuwa ruwan yakan fito da dukan ƙarfinsa. Haka bugun jini ke isa ƙwaƙwalwa da ƙoda ba tare da sassauci ba, shi ya sa nake jin tsoron shanyewar ɓarin jiki ga irin su Baba.

CRP furotin ne da hanta ke fitarwa idan akwai kumburi a jiki, yakan kuma ɗan ƙaru da shekaru, kamar yadda fibrinojin, mai taimaka wa jini daskarewa, ke ƙaruwa. Amma ba ya auna taurin jijiya, har ma zazzaɓin cizon sauro yana iya ɗaga shi. A ganina gwajin suga da na ƙoda sun fi shi amfani a nan.

Kada kalmar tsufa ta sa ku saki jiki. Elastin da ya lalace ba ya dawowa, amma rage lambar sama yana rage haɗari ko ga mai shekara 80. Baba ya riƙa shan maganinsa na hawan jini ko da ba ya jin komai, ya riƙa takawa kamar minti 30 a yawancin kwanaki, ku kuma lura da tukunyarsa, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishiri ya kai giram 5 a rana, kuma har dunƙulen miya yana cikin wannan lissafi. Idan yana jin jiri yayin tashi tsaye, musamman da asuba, ku gaya wa likitansa, a auna jininsa yana zaune da kuma yana tsaye.