Yadda matan zangon Kumasi ke ɗaga junansu a wurin aiki

Ɗiyata, saƙonki ya iso. Kin ce a ofishinku na Birnin Kebbi, in za a tura ma'aikata kwas ko a naɗa shugaban sashe, a majalisar maza ake gama maganar bayan la'asar, ku mata sai dai ku ga suna a allo. Kika tambaya ko wata doka ce ta tsaya mana a Ghana, tunda kina ganin matan zango, wato unguwannin Hausawa da sauran baƙi Musulmi, suna aiki a asibiti da makaranta da banki.

Doka akwai. Dokar ƙwadago ta 2003 ta ba mai jego hutun mako 12, da awa guda kullum ta shayarwa in ta koma aiki. A 2024 majalisa ta zartar da dokar da ta nemi a fara ba mata kashi 30 cikin ɗari na muƙamai, a Janairun 2025 kuma Farfesa Naana Jane Opoku-Agyemang ta zama mataimakiyar shugaban ƙasa. Duk da haka mata a majalisar ba su kai ɗaya cikin biyar ba. Ni dai ban ga matar zango da takarda kaɗai ta ɗaga ba. Duk wadda ta hau, ki bincika, da uwar ɗakinta.

Abin daga kasuwa ya faro. Kakanninmu sun biyo hanyar goro ta Jega da Yawuri zuwa Gwanja, daga baya suka gangaro Kumasi, suka tarar da mutanen da matansu ke riƙe da ciniki. Har yau a Kejetia, babbar kasuwar Kumasi, masu doya da sarauniyarsu, masu tumatir da tasu. Ita ke raba faɗa, ita ke nema wa sabuwar zuwa wurin zama, ita ke cewa a ba wance kaya bashi, na tsaya mata. Ga shi gidajenmu na haya ne, iyali da yawa a tsakar gida guda, kulle bai samu wurin zama kamar can gida ba. Sai iyayenmu suka fito da kokonsu da ƙosai da wake da shinkafa, suka koyi tsarin, suka haɗa da adashin da suka sani. Haka ma ɗinki: iyaye su kai yarinya hannun mai shago, ta yi kamar shekara uku, ranar yaye ta a tara mata kuɗin keke, uwar ɗakin kuma ta tura mata masu ɗinkinta na farko.

Boko mun shiga shi a makare, domin makarantun na mishan ne, iyaye na tsoro. Sai da aka kafa sashen ilimin Musulunci a hukumar ilimi a 1987, makarantun Arabiyya da Turanci suka yawaita, 'yan mata suka fara wucewa da yawa. Waɗanda suka fara samun aikin gwamnati da halin kasuwar suka shiga ofis. Babbar nas in ta ga 'yar zango ta zo bautar ƙasa, za ta jawo ta. Ta gaya mata watan da fom ɗin ƙaro karatu ke fitowa, ta duba mata takardar nema kafin ta miƙa, ta tura ta taro a madadinta don manya su san fuskarta. Mafi girma shi ne ta ambaci sunanta a ɗakin da yarinyar ba ta da ikon shiga. Maganar hijabi a bakin aiki ma manyan ne suka sha faɗanta, ƙanana suka tarar da sauƙi.

Akwai kuma ɓangaren da nake ganin ya fi shafarku. In aka yi wa matar aure canjin wurin aiki zuwa wata gunduma mai nisa, ba ita kaɗai ke tunkarar mijinta ba. Uwar ɗakinta kan ɗaura gyale ta je gidan, ta gaida surukar, ta zauna da maigidan, a yi lissafin wa zai riƙe yara, yaushe za ta riƙa zuwa gida. Maganar da namiji zai ƙi ji daga bakin matarsa yakan saurare ta daga hajiyar da ta yi jika. Aikin mata da yawa a wannan zaman ya tsira.

Kada ki ɗauka komai lafiya. Akwai uwar ɗakin da ba ta son 'yar ɗakinta ta wuce ta, sai ta riƙe ta tana yi mata wahala shekara da shekaru. Akwai mai jawo 'yar danginta kawai. Kuma 'yan matan da ke zuwa daga arewacin Ghana suna dako a kasuwa, suna kwana a rumfa, yawancinsu ba mai tsaya musu, mu ma da muke maƙwabtaka da su mun gaza. Wannan yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Ku kuwa ba baƙi ba ne a wannan hanya. A ƙasarku Nana Asma'u ta naɗa masu muƙamin jaji, dattawan mata masu malfa, suna kwaso matan ƙauye su kai su ga karatu. Na tabbata a ma'aikatarku akwai macen da ta kai darakta ko ta kusa. Ki je gidanta, kada ki tare ta a ofis. Kuma ki je da buƙata guda a bayyane, ki ce kwas kaza nake so a bana, me zan shirya, wa zan gani. Sabbin 'yan bautar ƙasa biyun da kika ce an kawo sashenku, ki fara nuna musu yadda ake rubuta takarda tun yanzu.

In kin rubuta takardar neman kwas ɗin, turo mini ta WhatsApp in duba kafin ki kai. Ki gaida Inna da maigidanki da yara.