Yayanmu ya rantse sai ya kashe ƙanwarmu saboda ta yi ciki: mene ne hukunci?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ƙanwata shekarunta 17, ba ta taɓa aure ba, sai ga ciki ya bayyana. Yayanmu ya kulle ta a ɗaki ya yi mata dukan kawo wuƙa, ya kuma rantse da Allah sai ya kashe ta ya wanke sunan gida, wai addini ya ba shi dama. Baba ya yi shiru, Inna sai kuka. Yanzu na ɓoye ta a wurina. Da gaske ne yana da wannan dama? Daga wata baiwar Allah, Rigasa, Kaduna.

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yar'uwa, ɓoye ta da kika yi daidai ne, kada ki mayar da ita har sai an tabbatar da tsaronta. Yayanku ba shi da wannan dama. Idan ya kashe ta, kisan ganganci ya yi, wanda Allah ya yi wa alƙawarin Jahannama da fushi da la'ana a Suratun Nisa'i, aya ta 93, kuma a duniya ƙisasi ya hau kansa. A wurin Imamu Malik, ko uba ne ya kwantar da ɗansa ya yanka da gangan, ana kashe shi, balle ɗan'uwa.

Kishin da yake taƙama da shi bai kai na Sa'adu ɗan Ubada ba. Sa'adu ya tambayi Annabi (SAW): idan na iske wani da matata, sai in ƙyale shi har in kawo shaidu huɗu? Annabi ya ce eh. Ki lura, wannan batun miji ne da ya gani da idonsa. Hilalu ɗan Umayya kuwa da ya zargi matarsa, ce masa aka yi ko shaida ko bulala a bayansa, har Allah ya saukar da ayoyin li'ani (rantsuwar tsinuwa tsakanin miji da mata) a Suratun Nur. Ba a miƙa wa ko ɗayansu takobi ba. A Muwaɗɗa, littafin Imamu Malik, ma, wani mutumin Sham ya kashe wanda ya iske da matarsa, Sayyidina Aliyu ya yi fatawa cewa in bai kawo shaidu huɗu ba a miƙa shi ga dangin mamacin.

To mu ɗauka laifin ya tabbata. Haddin wanda bai taɓa aure ba bulala ɗari ne, aya ta 2 a Suratun Nur, babu kisa a ciki. Gaskiya ne Malikiyya na ɗaukar ciki hujja a kan marar miji idan babu alamar tilas, amma alƙali ne ke auna wannan, shi ke sauraron uzurinta, shi ke kawar da haddi in an sami shubuha. Amina Lawal, wadda aka zarga da zina don ta haihu ba miji, an yanke mata hukunci a ƙaramar kotu, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Katsina ta wanke ta a 2003. In alƙali mai takarda da shaidu zai iya kuskure, ina ga saurayi mai sanda a tsakar gida? Dukan da ya riga ya yi mata ma zalunci ne da za a bi mata kadinsa, in ya zubar da cikin kuma ya jawo wa kansa diyya. Nana A'isha ta ce Annabi bai taɓa dukan mace ko hadimi da hannunsa ba.

Abin da ya ɗaure mini kai a tambayarki, babu wanda ya ambaci namijin. Ciki ba ya shiga shi kaɗai. Ki zauna da yarinyar cikin lumana ki tambaye ta ko ƙarfi aka fi ta ko yaudararta aka yi. In fyaɗe ne ba ta da zunubi ko kaɗan, kuma tun 2020 Jihar Kaduna ta tsananta hukuncin fyaɗe, sai a kai ƙara. In da yardarta ne, tuba tsakaninta da Ubangijinta, ku kuma naku sutura. Annabi ya ce wa Hazzalu, wanda ya tura Ma'izu ya je ya tona kansa cewa ya yi zina, da ka rufe shi da mayafinka da ya fi maka alheri. Jaririn kuma ba shi da laifin kowa, haram ne a jefar da shi ko a cutar da shi.

Rantsuwar yayanku rantsuwa ce a kan saɓo, wajibi ne ya karya ta ya yi kaffara: ciyar da miskinai goma ko tufatar da su, in bai samu ba azumin kwana uku.

Shirun Baba bai halatta ba, shi ne waliyyinta, shi za a fara tambaya gobe ƙiyama. Ki same shi da ladabi tare da limaminku ko wani kawu da yake jin nauyinsa. Ki kai ta asibiti a duba raunukanta da cikin. Idan yayanku bai sauko ba, ki sanar da mai unguwa da 'yan sanda tun kafin ya gano inda take. Wannan ba yanke zumunci ba ne, shi ma kin tsare shi daga zubar da jini.

Allah ne mafi sani.