Tambaya da Amsa: Jiragen Yaƙi Suna Cinye Mini Jari

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne a Daura, kuma duk ƙarshen mako muna haɗa kwamfutocinmu da abokaina mu buga wasan yaƙi na Command & Conquer: Generals Zero Hour. Amurka nake ɗauka saboda jiragen yaƙinta, amma da na gina filin jirgi na cika shi sai kuɗina su ƙare, abokina mai ɗaukar GLA, wato rundunar 'yan tawaye ta cikin wasan, ya zo da motoci ya rushe mini sansani. Jiragen ne ba su da amfani, ko ni ne ban iya ba?
Daga wani mai karatu, Daura.

AMSA: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Jiragen ba su da laifi. Da uwar kuɗi kake sayensu maimakon riba.

Mu yi lissafi. A wannan wasa da kamfanin EA ya fitar a 2003, yawanci da dala 10,000 ake farawa. Tashar wutar lantarki tana cin 800, cibiyar tara kaya 2,000, filin jirgi 1,000, sannan kowane jirgin Raptor 1,400 ne, filin kuwa huɗu yake ɗauka, wato 5,600. Idan ka haɗa, ka kashe 9,400, saura 600 a hannunka, ba ka da soja ko ɗaya a ƙasa, kuma jirgi mai saukar ungulu na Chinook guda da aka ba ka kyauta tare da cibiyar shi kaɗai ke yi maka jigilar kaya. Abokinka kuwa ba ya sayen jirgi, ba ya gina tashar wuta, domin GLA ba ta da jirage kuma ba ta buƙatar lantarki. Motarsa mai bindigogi huɗu, Quad Cannon, 700 ce kawai, don haka kuɗin jirginka ɗaya zai saya masa biyu, kuma aikinta ke nan kakkaɓo jirage.

Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ka fara da ƙara Chinook na biyu, wanda yake 1,200 amma yana kawo 600 a kowane sawu, ka gina cibiya ta biyu a wani tarin kayan, ka kuma tura sojoji su kama rijiyoyin man da ke kusa, waɗanda ke zuba maka kuɗi ba tare da jigila ba. Bayan nan ka ajiye 'yan motocin Humvee ɗauke da masu harba roka a bakin hanyar shiga sansaninka. Filin jirgi ya biyo baya, kuma a ganina jirage biyu sun isa a farko.

Abin da masu son jirage suka fi mantawa shi ne, ribar jirgi tana cikin dawowarsa. Wanda ya sauka lafiya, kyauta ake sake loda masa makamai a kuma gyara shi. Wanda aka harbo kuwa, 1,400 sun bi iska. Na taɓa zama bayan wani matashi a wani shagon kwamfuta a Ƙofar Ƙaura, nan Katsina, ina kallo ya jera Raptor huɗu ya bi da su ta saman wuraren harba Stinger, rokokin kakkaɓo jirage, don ya rusa gini guda. Ɗaya ne ya dawo, yana hayaƙi. Da ya zagaya ta gefen taswira ya faɗa wa tankokin da suka ware daga rundunar, ko motar harba rokar Scud, da dukkansu sun dawo. Ka kuma tsare filin da kyau, domin idan aka rushe shi jiragen sai su yi ta shawagi babu wurin sauka har su faɗo.

Idan ka fi son Janar Granger, kwamandan sojan saman Amurka a wasan, jirginsa King Raptor ya fi araha kuma yana kakkaɓe rokokin da aka harbo masa. Sai dai wannan kariya ba ta tare harsashi, Quad Cannon kuwa harsashi take fesawa, saboda haka ko da shi ne a hannunka, ka bari sojojinka na ƙasa su fara share waɗannan motoci kafin ka ta da jirgi.