Tambaya da Amsa: Ina Matakala 39 Ɗin Suka Shiga?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na karanta littafin The Thirty-Nine Steps na John Buchan, sannan na kalli fim ɗin da Alfred Hitchcock ya shirya a kansa, amma ban ga matakala ko ɗaya ba, kuma na ga wata mace da babu ita a littafin. Shin kuskure ne, ko da gangan aka yi? Daga Malama Hadiza, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Da gangan ne, kuma kin lura da kyau. A littafin, wanda ya fito a 1915, matakalar ta zahiri ce: tana gangarawa daga wani gida zuwa bakin teku a yankin Kent, inda 'yan leƙen asirin Jamus suka shirya sulalewa da sirrin tsaron Birtaniya. Shi kuwa Hitchcock, a fim ɗinsa na 1935, sai ya mayar da ita sunan ƙungiyar 'yan leƙen asirin, ya kuma ƙirƙiro Mista Memory, mai haddar da ke amsa tambayoyin jama'a a kan dandamali, wanda aka ɓoye sirrin a cikin kansa.

Batun macen ne ya fi jan hankalina. Richard Hannay, jarumin labarin, a littafi yakan shafe kwanaki shi kaɗai a tsaunukan Sukotland, yana gudun 'yan sanda da makasa lokaci guda, mai karatu kuma yana jin abin da ke ransa domin shi ne mai ba da labarin. Kyamara ba ta shiga zuciya, saboda haka dole a samar masa abokin magana. Sai aka kawo Pamela, wadda Madeleine Carroll ta fito a matsayinta, aka ɗaure hannunta da na Hannay (wanda Robert Donat ya fito a matsayinsa) da ankwa ɗaya, alhali ta yi imani cewa shi mai kisan kai ne. Duk inda ya sa ƙafa dole ta bi, tana harararsa, har ɗakin masaukin da suka kwana.

A ganina wannan ba cin amanar Buchan ba ne, domin ƙashin bayan labarin yana nan daram: mutum marar laifi da aka tsinci gawa a ɗakinsa na Landan. Idan kina son ganin yadda wasu suka fassara sunan, ki nemi fim ɗin 1978 wanda Robert Powell ya fito a matsayin Hannay, inda aka ƙarasa rikicin a jikin agogon Big Ben.