Kan maganar takalmin nan na Rut sura 4

Salama, jama'ar gida. Ƙanena, na ji saƙonka, wai me ya sa mutumin nan ya tuɓe takalminsa a Rut sura 4 cikin Littafi Mai Tsarki. To, ni dai na san ba takalmi ne ya dame ka ba. Shagon nan ne da za ku haɗa jari kai da ɗan'uwanka na majami'a, kana jin nauyin ce masa a rubuta takarda. Shi zan amsa.

Dubi Bo'aza, mai gonar da Rut, gwauruwa baƙuwa, take kala a ciki. Mai tsoron Allah ne, in ya shiga gona da sunan Ubangiji yake gaida masu girbi. Har cewa ya yi su riƙa zubar wa Rut zangarniya da gangan, ban da kalar da Littafin Firistoci sura 19 ya riga ya ba talaka da baƙo. Amma da maganar filin Elimelek, danginsa marigayi kuma surukin Rut, ta taso, a ɗaki ya yi ta? Ƙofar gari ya je, ya tara dattawa 10, ya zaunar da dangin da ya fi shi kusa da Elimelek. Wancan ya ce zai fanshi filin, da ya ji har da auren Rut, sai ya janye, ya tuɓe takalmi. Aya ta 7 ta faɗa, haka ake ƙulla ciniki a Isra'ila a da. Sa hannunsu ke nan. Kada a haɗa shi da na Maimaitawar Shari'a 25, can matar ce take cire wa mutum takalmi ta tofa masa yawu a fuska, na kunyatarwa ne... bar wannan, wata rana.

Irmiya fa? Annabi guda, a tsare yake, sojojin Babila sun kewaye Urushalima. Filin ɗan baffansa ya saya a Anatot, shekel 17 na azurfa. Ya auna kuɗi, ya sa hannu, ya kira shaidu, aka sa takardun a tukunyar ƙasa don su daɗe. Sura 32 ce. Ɗan baffansa fa!

Ni abin da yake ci mini rai, wani da muke zama benci ɗaya, na ba shi buhunan masara bashi, na ce mu rubuta, ya ce haba, tsakaninmu? Ba ka da bangaskiya ne? Yau in mun haɗu sai ya ce bai tuna adadin ba. Shi ne kuma mai buɗe shago da addu'a kowace safiya, yaransa kuwa wata ya ƙare ba albashi, alhali Shari'ar Musa ta ce a biya ɗan ƙodago kafin rana ta faɗi. Har mudunsa ma... kai, kada in shiga nan.

Ka kira dattawa biyu daga majami'a, ku rubuta wa ya kawo nawa, yadda za a raba riba, da abin da za a yi in ɗaya ya rasu ko ya ce zai fita. Kowa ya riƙe kwafinsa. In ɗan'uwan naka ya ɓata rai, ka turo mini shi.