Wai wa ke ɗaukar ma'aikaci a kamfani, HR ko manaja?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Na karanta harkar akanta, bara na gama bautar ƙasa, sai na nemi aiki a wani kamfanin roba a Sharaɗa. Wata mata ta kira ni ta ce daga HR take, wato sashen kula da ma'aikata, ta yaba takarduna sosai. Ranar intabiyu na tarar da mutum 3, wani dattijo mai gilashi shi ya dinga yi min tambayoyi kan lissafin kayan sito, ita kuwa rubutu kawai take. Yau sati 5 shiru, na kira ta ta ce maganar ba a hannunta take ba. Yaudarata take ko me? Kuma wani ya ce in kawo dubu 50 ya shigar min da maganar. Daga mai karatu, Gyaɗi-Gyaɗi.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanina. Matar nan gaskiya ta faɗa maka, kuma wallahi ina jin takaicin yadda samarinmu ke ɗora wa HR laifin da ba nasu ba, don ba wanda ya taɓa zaunar da su ya yi musu bayani.

Ai neman ma'aikaci ba daga HR yake farawa ba. Shugaban sashe ne zai ga aiki ya yi wa yaransa yawa ko wani ya ajiye aiki, sai ya rubuta yana son mutum, ofishin kuɗi su duba ko akwai albashin a kasafi, babban manaja ya sa hannu, sannan fa takarda ta iso teburin HR. Su nasu shi ne su fitar da sanarwa, su tace CV ɗin da aka turo, su duba shaidar makaranta da ta bautar ƙasa, su sa ranar intabiyu, in an zaɓe ka su yi maganar albashi da kai su rubuta takardar ɗauka. Suna iya cire ka tun a tacewa, wannan kam ikonsu ne, amma cewa "wannan nake so" ta mai sashe ce.

To ka ga dattijon nan mai gilashi da ya tsare ka da lissafin sito? Alamu sun nuna shi ne zai zama ogan naka. Shi ba takarda ce ta dame shi ba, so yake ya ji in an kirga buhunan kayan roba a sito aka ga ba su yi daidai da abin da ke littafi ba, ya za ka yi, don gobe shi za a tuhuma in ka yi kuskure. Na ukun galibi daga wani sashe ake ɗauko shi don kada a ce an yi son kai. Shirun sati 5 kuwa sau da yawa sa hannun babban manaja ake jira, ko an fara ba wani ana jiran amsarsa.

Maganar dubu 50, don Allah kar ka ba da ko kwabo. Akwai kamfanonin da sana'arsu samo wa wasu ma'aikata, bankuna da masana'antun Bompai da Chalawa suna aiki da irinsu, doka ta ce sai sun karɓi lasisi daga Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, kuma ladan mai gaskiya a cikinsu kamfanin da ke neman ma'aikaci ne yake biya. Mai cewa ka kawo kuɗi a bayan fage ba shi da kujera a teburin da ake yanke hukunci.

In Allah ya sa an kira ka, duba sunan wa ke saman takardar ɗaukar, kamfanin ne ko ejan da ya samo musu kai, don shi ne ubangidanka a doka. Dokar ƙwadago ta ce a ba ka sharuɗɗan aiki a rubuce cikin wata 3 da farawa, dokar fansho ta 2014 kuma ta ce kamfani ya zuba maka aƙalla kashi 10 cikin 100 na albashinka a asusun fansho, kai a cire maka 8, ka tambaya tun kafin ka sa hannu.

Yanzu dai ka tura wa matar gajeren saƙo cikin ladabi, ka gode mata, ka tambaye ta an rufe gurbin ko ana jira, kuma yaushe ya dace ka sake tuntuɓa. Ka ci gaba da kai takardunka wasu wuraren kafin nan. Allah ya sa albarka.