Tsada daban, hauhawa daban: amsar wasiƙun Kumasi

Wata Hajiya mai sayar da atamfa a Kejetia ta ce: "Malam, tsada da hauhawar farashi ba abu guda ba ne?"

A'a, Hajiya, kuma raina na sosuwa in na ji masu karanta labarai suna cakuɗa su. Tsada ta kaya ce. Tumatir ya yanke, masu nema sun fi abin da aka kawo, sai kwando ya tashi. Da sabo ya shigo daga Akumadan, sai ya sauko. Hauhawa kuwa ciwon kuɗin ne kansa: shinkafa, haya, kuɗin mota, duk su tashi tare, su ƙi saukowa. A Disambar 2022 ta kai kashi 54 cikin 100 a Gana, wato cefanen sidi 100 ya koma 154 cikin shekara guda. Shi ya sa kika sayar da turmi da riba, kika koma sari, kuɗin suka kasa sayo irinsa.

Kakanninmu sun ɗanɗana wannan. Kalmar kuɗi jam'in wuri ce, wato ɗan ƙwanson tekun nan da aka yi ciniki da shi a da, sidi ma daga sunansa ya fito a bakin Akan. A ƙarni na 19 Turawa suka yi ta jibgo wuri daga gaɓar Zanzibar, ya yi yawa, darajarsa ta zube, har ɗaukarsa ya zama wa fataken goro nauyi. Kuɗi in suka fi kaya yawa, haka suke yi. A 2007 gwamnati ta yanke sifiri huɗu, dubu goma ta koma sidi ɗaya, amma har yau tsofaffi a Aboabo miliyan suke kiran sidi ɗari. Ban taɓa gyara musu ba, don bakinsu ne ya adana mana tarihin.

Wani ɗalibi daga Asawase: "Riba haram ce?"

Ɗana, ja wasalin. Riba mai dogon "i" ita ce abin da ya hau kan uwar kuɗi bayan ciniki, halal ce. Mai gajeren "i" ita ce kuɗin ruwa. Rubutun boko ne ya haɗa su, gaggawar baki ta ƙarasa.

"Mece ce la'ada?" Rabon dillali in ciniki ya faɗa.

Wani tela ya nemi ma'anar "bashi hanji ne, yana cikin kowa". Ana faɗinsa don a sassauta wa wanda ake bi, kada a kunyata shi cikin jama'a. Ba a yi shi don mai taurin bashi ya fake da shi ba, kamar yadda nake ji yanzu.

Mai tambaya kan susu: sunansa adashi.